Daga Gwangwanin Kifi Zuwa Jitar Lantarki: Abubuwan Mamaki Game da Gwanayen Tsirkiya

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar ya tsallako iyaka ya shigo Sakkwato, ya shiga ɗakin naɗar waƙa, ya fito da kundinsa na farko mai suna Anar. Mdou Moctar ke nan, wanda a yau da wuya a lissafa gwanayen jita masu rai a duniya a tsallake shi. Irin aikin waƙoƙin finafinan Hausa aka yi masa, da na'urar nan mai lanƙwasa murya da gangar kwamfuta. Kundin bai ma shiga kasuwa yadda aka saba ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da memori, har ya keta Sahara ya faɗa hannun wani Ba'amurke mai tattara kiɗan Sahel, Christopher Kirkley, wanda ya sa waƙa ɗaya daga ciki a wani faifai a 2011, ya kuma bazama neman mai ita. Bahago ne Mdou. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, domin a gidansu ba a maraba da kiɗa.

A ce Sakkwato ce ta fara ɗaukar sautin gwanin tsirkiya irin wannan, abin a jinjina ne, in an san abin da ya gudana 'yar tafiya kaɗan kudu da birnin. In ka kama hanyar Jega za ka iske Boɗinga, ga Sifawa kusa da ita. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan barinsa Gwandu, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya yi zamansa a Boɗinga. A shekarun nan 'yan'uwan biyu sun yi ta musayar hujja a rubuce kan abubuwa da dama: laƙabin sarauta, tufafin masu mulki, da kayan kiɗa. Shehu, a Misbahu li Ahli Hazaz Zaman da Najmul Ikhwan, ya nuna cewa malamai sun yi saɓani kan wasu mas'alolin, don haka kada a gaggauta hukunta jama'a. Malam Abdullahi ya fi tsanantawa, ya kuma mayar da bayani a Liya'us Sulɗan. Tun kafin nan ma, cikin dalilan da suka sa ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas har ya yada zango a Kano, akwai ganin da ya yi mutane sun fara karkata ga abin duniya da kaɗe-kaɗe. Wannan muhawara ce ta manyan malamai biyu masu girmama juna, tsakanin garuruwa biyu da mai doki zai je ya dawo kafin azahar. Wani masanin kiɗa Bajamushe, Veit Erlmann, ya yi littafi sukutum a kanta a 1986.

A wannan muhawara gangar yaƙi da ta shela sun samu mafaka, haka ma abin da ake bugawa don bayyana aure. Molo da goge da garaya kuwa suka zauna a gefe, saboda an fi sanin su a wajen bori da dandalin dare. Dubi manyan makaɗan ƙasar Sakkwato ka ga sawun wannan hukunci: Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo kotso, Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo taushi, Ɗan Anace kalangu. Duk fata ce. Babu mai tsirkiya ko ɗaya a sahun gaba na fada.

In ka ƙara gaba kan wannan hanyar ka isa Shagari, sai ka tarar da ɗaya ɓangaren gadon. Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, mawaƙi ne tun yana malamin makaranta. A 1948 ya rubuta Waƙar Nijeriya don koya wa ɗalibai tarihi da labarin ƙasa. Waƙa ce ta alƙalami, ta rerawa da baki kawai, ba kiɗa ba amshin makaɗa, irin wadda malaman jihadi suka bari. Ƙasashe ba su da yawa da za su nuna shugaban da ya fara suna da baitoci kafin siyasa.

To ga inda lamarin ya juye. A can Amurka, bayan tawayen bayi na Stono a 1739, hukumar Karolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 da ta hana bayi mallakar ganga da ƙaho, don tsoron kada su kira juna da su. Abin tsirkiya kuwa aka ƙyale shi, har iyayengiji na neman bawan da ya iya goge don ya yi musu kiɗan rawa. Nan an karɓi ganga an ture tsirkiya, can an ƙwace ganga an bar tsirkiya. Daga hannun jikokin waɗancan bayi kiɗan buluz ya fito.

Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya bi sawun abin a littafinsa na 1999 kan Afirka da buluz. A ganinsa, yawancin siffofin kiɗan sun fi kama da na yankin da ya taso daga Mali ya bi ta arewacin Ghana da arewacin Nijeriya ya shiga Kamaru: mutum ɗaya da abin kiɗansa, murya mai karkarwa tana jan gaɓa ɗaya ta hau ta sauka, tsirkiya na amsa wa murya. Cikin hujjojinsa har da sautin wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru a 1964, wanda ya jera da faifan Big Joe Williams na Misisipi. Masu binciken asalin banjo su ma suna sa gurmi cikin danginsa na kusa, saboda ƙoƙon duma da sandar da ta ratsa shi ta fito ta ɗaya gefen. Ba na cewa mu muka ƙirƙiro buluz. Hannaye da yawa suka gina shi, cikin wahalar da ba mu muka sha ba. Amma duk wanda ya taso da sautin kukuma a kunnensa, in ya ji tsofaffin faifan Misisipi, ba zai ji baƙunci ba.

Wani abin kuma, kusan duk gwanin tsirkiya da tarkace ya fara. Kuntigin Ɗanmaraya Jos gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka ɗaura tsirkiya ɗaya tal. Da shi Adamu Wayya, maraya daga Bukuru wanda sarkin garin ya riƙe, ya zaga duniya, ya samu digirin girmamawa daga Jami'ar Jos, ya rasu a watan Yunin 2015. Ba 'yan amshi, ba sanƙira, shi kaɗai da gwangwaninsa. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawa, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya yi tasa jitar ta farko. A 2012 ƙungiyar ta ci kyautar Grammy. Ali Farka Toure na Mali da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya soma, kuma har ya rasu a 2006 bai ajiye ƙaramin gogensa ba. Yaran baƙar fata a karkarar Misisipi kuwa wayar tsintsiya suke warewa su kafa ta da ƙusa a jikin bangon katako, su ɗame ta da kwalba, su yi ta kaɗawa.

Yanzu bari mu leƙa Ingila, inda ake wata gardama da ta haura shekara 50 ba a gama ba: cikin masu jitar da suka bi ta hannun mawaƙin buluz John Mayall, wane ne gwani?

Mayall, haifaffen 1933, ya kafa ƙungiyarsa ta Bluesbreakers a Landan a 1963, yana dab da shekara 30, bayan ya yi aikin soja a Koriya da aikin zane a kamfanin talla. Ya rasu a watan Yulin 2024 yana da shekara 90. Muryarsa ba ta kai ta manyan mawaƙa ba, amma Allah ya ba shi kunne. In ya ji yaro ya san abin da zai zama. Eric Clapton ya shigo a 1965, suka fitar da faifan 1966 wanda ya sauya yadda ake jin jitar lantarki a Turai, saboda Clapton ya ƙure ƙarar amsa-kuwwarsa a ɗakin naɗi har sautin ya yi kauri yana gurnani. A hoton bangon faifan ya ƙi kallon mai ɗaukar hoto, ya duƙufa karanta mujallar barkwancin yara ta Beano, shi ya sa har yau da sunan mujallar ake kiran faifan. Jitar da ya yi aikin da ita an sace ta a shekarar, ba a sake ganin ta ba.

Da Clapton ya tafi ya kafa ƙungiyar Cream, sai Peter Green ya gaje shi. In ni za a tambaya, shi ne nawa. Ba ya gudu, ba ya cika waƙa da yatsu. Zai ja sauti ɗaya ya riƙe shi har ka ji tsigar jikinka ta tashi, abin da masu gurmi na ƙwarai suka sani sarai. Jitarsa tana da wani sauti na daban mai fita ta hanci, kuma asalinsa kuskure ne: an juya maganaɗisun ɗaya daga cikin na'urorin ɗaukar sautinta. Wannan jitar ta koma hannun Gary Moore, yanzu tana wurin Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica. Abin da ya fi burge ni da Green shi ne da ya tashi kafa tasa ƙungiyar a 1967, bai sa mata sunansa ba. Sunan mai ganga Mick Fleetwood da na mai jitar gindi John McVie ya haɗa, aka samu Fleetwood Mac. Uban kiɗi ya ba yaransa suna, shi ya koma baya. Ciwon taɓin hankali ya raba shi da fage shekaru masu yawa. Ya rasu a 2020.

Na uku Mick Taylor. Yana ɗan saurayi ya je kallon wasan Mayall, sai aka tarar Clapton bai zo ba, yaron ya yi ƙarfin hali ya ce a ba shi jitar. A 1967 Mayall ya neme shi ya ɗauke shi yana da shekara 18, bayan shekara biyu kuma shi da kansa ya ba da sunansa ga ƙungiyar Rolling Stones. Wasansa na farko a bainar jama'a da su, a dandalin Hyde Park ne a watan Yulin 1969, gaban dubun dubatar mutane.

Sauran a gurguje. A 1969 Mayall ya sallami ganga gaba ɗaya, ya yi faifai ba mai ganga, kuma ya karɓu. Coco Montoya, wanda ya yi shekara kusan goma tare da shi, asalinsa mai ganga ne a ƙungiyar Albert Collins. Bahago ne shi ma, kuma a kife yake kaɗa jitar, siraran tsirkiyu a sama. Abokin aikinsa Walter Trout an yi masa dashen hanta a 2014, ya sake koyon kaɗawa, ya koma fage. Buddy Whittington ya shekara 15, daga 1993 zuwa 2008. Sai a 2018, bayan shekara 55 da kafuwa, mace ta fara riƙe wannan matsayi, Carolyn Wonderland 'yar Texas. Su Fleetwood ma sun biyo sawun kiɗan zuwa gida: shi ya je Ghana a 1981 ya yi faifai da makaɗan can, Ginger Baker abokin Clapton kuwa ya keto Sahara da mota a 1971 ya je Legas ya buɗe ɗakin naɗar waƙa, ya yi wasa da Fela.

Tsarin nan na ƙungiya ta zama makaranta ba baƙo ba ne a wurinmu. Musa Ɗanƙwairo a ƙarƙashin mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya fara, sannan ya zama Daudun Kiɗi a ƙungiyar yayansa Kurna, kafin ya tsaya da ƙafarsa har rasuwarsa a 1991, 'ya'yansa kuma suka ɗora. Sani Aliyu Ɗandawo ya gaji mahaifinsa. Bambancin yana wajen riƙe suna. Baturen Ingila zai faɗa maka wanda ya kaɗa jita a faifan kaza, da watan da ya shiga da watan da ya fita. Mu kuwa Mamman Shata ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa har 1999, hannaye da yawa sun riƙe masa kalangu, amma tara masoyansa goma ka ce su kawo sunan makaɗansa uku, ka ga yadda za a yi ta kallon juna. Wannan abu yana ci mini rai. Aikin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi kan makaɗa da mawaƙan Hausa, da littafin Shata Ikon Allah na su Ibrahim Sheme, sun ceto abubuwa da dama, sai dai ramin da zurfi.

Masu tsirkiyarmu da suka yi suna, sun yi ne don su ne masu waƙar, hannu na kiɗa baki na rerawa. A kukuma akwai Ibrahim Na Habu wanda ya fito da ita fili, da Garba Supa na gidan biki, da Hassan Wayam, da Ahmadu Doka wanda ya ajiye kiɗan tun da sauran ƙarfinsa. A kuntigi, bayan Ɗanmaraya, ga Babangida Kakadawa. A gurmi kuwa ban ga na biyun Haruna Uji na Haɗeja ba. Saurari yadda gurminsa ke ƙarasa maganar da bakinsa ya fara, ka gaya mini me Clapton ya fi shi in ban da lantarki.

Shi gogen kansa abin kallo ne. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza ko ta damo, tsirkiyarsa gashin wutsiyar doki, abin gogawar shi ma gashin doki, ana shafa masa ƙaro don ya kama. Babu matakai a jikin sandarsa da za su nuna wa yatsa wurin tsayawa, kunne ne kawai jagora. Wannan gogen da aka raina a nan, a Dagomba ta arewacin Ghana kayan fada ne. Masu shi na cikin makaɗan sarkinsu Ya Na a Yendi, suna riƙe da tarihin sarakuna. Yarabawa sun ɗauke shi suka sa a kiɗan sakara, inda Yusuf Olatunji, wanda ya rasu a 1978, ya yi sarautarsa da shi. A wurin Abzinawa kuwa ɗan'uwansa imzad mata kaɗai ke kaɗa shi, maza sai dai su rera, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon ɗan'adam da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Jita ce ta zama ta maza a can, har sai da Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad kusa da Abalak ta riƙa ɗaukar ta yayanta a ɓoye ta koya wa kanta, ta kafa ƙungiyar 'yan mata da ta zaga Turai da Amurka.

A Nijar jita ta taɓa zama abin tuhuma. Lokacin tawayen Abzinawa na 2007 hukuma ta ɗauke ta a matsayin muryar 'yan tawaye, har mai jita Bombino ɗan Agadas ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Shi ne ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin masu takarar Grammy, da kundinsa na 2018.

Malam Maman Barka labarinsa daban ne. Malamin makaranta ne daga Taskar a jihar Damagaram, ya yi suna da gurmi da waƙoƙin Hausa. Da ya ji cewa biram, abin kiɗan masuntan Buduma na Tafkin Chadi, mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, saura tsoho ɗaya ya iya shi, sai ya ajiye sunan da ya yi ya tafi ya durƙusa gaban Bukar Tar ya koya, da tallafin UNESCO. Tsohon ya ba shi biram ɗinsa kafin ya rasu. Barka ya kai shi har Turai, shi ma ya rasu a watan Nuwamban 2018. Babban makaɗi ya koma ɗalibi don kada wani sauti ya ɓace daga duniya. Ban san ladan da ya dace da irin wannan ba sai addu'a.

In kuwa ana neman takwarar ƙungiyar Mayall a kusa da mu, a Yamai take. Tal National ta kafu a 2000, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Abzinanci, makaɗa na shiga suna fita. Jagoranta kuma mai jitarta, Hamadal Moumine da aka fi sani da Almeida, tsohon ɗan ƙwallo ne, kuma alƙali ne a kotu: da rana shari'a, da dare jita. Kundinsu Kaani ya fita kasuwannin duniya a 2013. Suna iya wasan sa'a biyar a dare ɗaya, kuma saboda yawan makaɗansu, in buki biyu suka haɗu a rana guda sai su rabu gida biyu, kowane ɓangare da nasa mai jita, su je su yi duka biyun.